Fuskokin itacen Yup'ik a aji biyar: me za a nuna wa yara, me za a bari?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina koyar da 'yan aji biyar na firamare. A makon al'adun duniya da makarantarmu ke shiryawa, ƙuri'a ta faɗo wa ajina a kan Alaska. Na ci karo da hotunan wasu fuskoki na itace na mutanen Yup'ik, masu gashin tsuntsu da 'yan hannuwa a gefe, sun burge ni ƙwarai. Niyyata yara su yanka irinsu da kwali, su saka, su yi rawa ranar taro. Yaya zan bayyana musu ma'anarsu? Kuma ina fargabar kada iyaye su ce tsafi nake koya wa 'ya'yansu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kin kyauta da kika tsaya tambaya tun ba ki sayi kwali ba. Zan fara da abin da ba za ki so ji ba: ki ajiye maganar sakawa da rawa. Na taɓa yin irin wannan da hannuna, na kuma ga inda ya ƙare.

Lokacin ina sabon shiga aikin ilmantar da yara a gidan tarihi, wata makaranta ta gayyace ni in yi wa ɗalibanta darasi kan fuskokin bukukuwa na ƙasashe. Na je da hotuna, da kwali, da almakashi, da gam, da gashin kaza da muka rina da shuni. Yara suka duƙufa, aiki ya yi kyau, ni kuwa sai washe baki nake. Ana buga ƙararrawar tara suka kwasa waje da fuskokin a fuska, suna ihun "ga dodo, ga dodo", suka tasa 'yan nazare a gaba. Wata ƙaramar yarinya ta faɗi ta fasa leɓe. Washegari na tare wani yaro mai kaifin kai na tambaye shi me ya koya game da Yup'ik. Ya ce, "Mutane ne masu dodanni a ƙasar ƙanƙara." Iyakar abin da ya tafi da shi gida ke nan, kuma ba laifinsa ba ne. Na miƙa masa itace ba tare da labarinsa ba, shi kuma ya cike gurbin da abin da ya sani.

Abin da ya kamata ki riƙe shi ne, a wurin masu ita, wannan fuska kashi ɗaya ce cikin wani roƙo. Sauran kashin su ne waƙa, da ganga, da labari, da mutanen da suka taru, da dabbar da ake roƙo. In aka zare itacen shi kaɗai aka rataye a bango, kamar an yanko baiti ɗaya ne daga tsakiyar waƙa. Don haka darasinki ya bi ta mutane, ya bi ta abincinsu, sannan ya iso ga fuska daga ƙarshe.

Ranar farko ki ɓoye hotunan fuskokin, ki fito da taswira. Yup'ik suna kudu maso yammacin Alaska, a faffaɗar fadamar da manyan koguna biyu, Yukon da Kuskokwim, suke zubawa cikin tekun Bering, da tsibiran Nelson da Nunivak, har zuwa gaɓar Bristol. Sunan haɗin kalma biyu ne: yuk, wato mutum, da pik, wato na ainihi. Yawansu ya haura 30,000, kuma kusan 10,000 suna magana da harshensu, wanda suke kira Yugtun. A duk harsunan 'yan asalin Alaska babu wanda ya kai shi yawan masu magana. Babban garin yankin shi ne Bethel, kuma babu titin mota da ya haɗa shi da sauran jihar. Sai jirgin sama, ko jirgin ruwa in ƙanƙara ta narke. Da hunturu kuwa kogin kansa ne yake daskarewa motoci su riƙa bi ta kansa. A tsakiyar Disamba hasken rana ba ya kai awa 6. Rasha ce ta sayar wa Amurka Alaska a 1867 a kan dala miliyan 7.2, ba kuma wanda ya nemi jin ta bakin masu ƙasar.

Za ki ji wani yaro ya ce "Eskimo", wani kuma ya zana ɗakin ƙanƙara. Ki gyara musu a hankali. Wancan suna baƙi ne suka yaɗa shi, da yawa cikin mutanen ba sa son sa, kuma Yup'ik ba a ɗakin ƙanƙara suka zauna ba. Gidajensu na da rabi a cikin ƙasa suke, an kafa itace an lulluɓe da dunƙulen ƙasa mai ciyawa. Na yau kuma na katako ne, da waya, da makaranta, da yara masu haukar ƙwallon kwando. Wannan ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato: duk jimlar da za ki yi a kansu, ki duba ko kin ce "sun kasance" a inda ya kamata ki ce "suna".

Ga kacici-kacici da ba ya taɓa ba ni kunya a aji. Mafi yawan gaɓar tekun nan fili ne fetal, babu itatuwa. To a ina suka samu itacen sassaƙa? Ki bar su su yi ta cinta. Amsar ita ce kogi ke kawowa: in ƙanƙara ta fashe bayan hunturu, ruwa ya tumɓuko itatuwa daga dazukan can cikin ƙasa ya yaso su bakin gaɓa, mutane su tsinta. Da shi ake gini, da shi ake ƙashin kwalekwale, da shi ake akushi. Yaron da ya fahimci haka zai gane cewa wanda ya ware itace don sassaƙa fuskar da za a yi amfani da ita dare ɗaya ba wasa ya sa shi ba. Ki ƙara musu da wannan: a Yugtun kalmar neqa tana nufin kifi, tana kuma nufin abinci. Kalma ɗaya ta gaya musu da me ake rayuwa a can.

Rana ta biyu ita ce zuciyar darasin, nan nake so ki daɗe. Akwai kalmar yua, ma'anarta "mutuminsa". A fahimtar kakannin Yup'ik, dabba da tsuntsu da kifi, har iska da itacen da kogi ya kawo, kowanne yana da mutuminsa a ciki, wanda yake gani, yake ji, yake lura da yadda aka riƙe shi. Ɗauki dabbar tekun nan da Turawa ke kira sil, wadda za ki iya kwatanta wa yara da ayu, sai dai ita kifi take ci kuma tana hawa kan ƙanƙara. Namanta abinci, kitsenta mai na ci da na fitila, fatarta takalmi da rufin kwalekwale, hanjinta rigar ruwa. A wurinsu maharbi ba ya cin galabar sil da ƙarfi ko wayo. Ita ce take zaɓar wanda za ta ba kanta, kuma mai ladabi take zaɓa. Shi ya sa in an kawo ta gida uwargida takan tare ta da ruwan daɗi ta zuba mata a baki, don wanda ya fito daga ruwan gishiri da ƙishirwa yake tafe. Baƙuwa ce, sai a yi mata tarbar baƙi.

A da akwai wani biki da ke fito da wannan fili, sunansa Nakaciuq. Sun ɗauka ran sil a mafitsararta yake komawa in ta mutu. Saboda haka duk shekara maharbi yana adana mafitsarar kowace sil da ya kama. Da hunturu sai a hura su, a yi musu ado, a rataye su a ɗakin taro, a yi kwanaki ana yi musu waƙa ana girmama su kamar manyan baƙi, ana kiyaye hayaniyar da za ta firgita su. Daga ƙarshe a sace iskar, a kai su ramin da aka fasa a ƙanƙara a tura su cikin ruwa, don su koma su ba 'yan'uwansu labarin irin karɓar da aka yi musu, su sake dawowa baɗi. Dattawansu suna da labarin wani yaro da aka tura ya zauna shekara guda tare da sil a ƙarƙashin teku. Daga can yana hango mutanen garinsu ta tagar rufi, wani tsohon sil yana nuna masa: wancan da ke share dusar ƙanƙara daga ƙofar mutane, yake yi wa tsofaffi hidima, shi muke gani sarai, wurinsa za mu, wancan malalacin kuwa ko fuskarsa ba ma gani. Ki ba da wannan labarin da bakinki, kada ki karanta daga takarda. 'Yan shekara goma suna kama shi nan take, don sun san tarbiyyar da ake yi da tatsuniya.

Sai a rana ta uku fuska ta fito, kuma ta fito a cikin ɗakinta. A da kowane gari yana da qasgiq, babban ɗakin maza: nan suke kwana, nan suke sassaƙa, nan yara maza suke tashi suna sauraron dattawa, nan ake taron gari duka. Mata da ƙananan yara suna nasu gidajen, su ke kawo abinci. Ana shiga ta wani rami mai kama da lungu, a ɓullo a ciki; a rufi akwai taga da aka toshe da hanjin sil. Ki sa yara su rufe ido ki zana musu da baki: waje duhu da sanyi mai fasa ƙashi, ciki fitilun mai suna kaɗawa, mutane sun cika maƙil har da baƙin da aka gayyato daga garin maƙwabta. Makaɗa a jere da cauyaq, ganga mai fuska ɗaya irin zubin bandiri amma ta fi shi faɗi, tana da mariƙi, ana dukanta da siririyar tsumagiya. Mai rawa ba ya zagaya fili. Maza a durƙushe a gaba, mata a tsaye a baya da 'yan mafitai na gashi a yatsu, idonsu a ƙasa don ladabi, hannu da kafaɗa ne suke ba da labarin.

Bikin da aka fi sanin fuskokin da shi, a da ana yin sa ne a ƙarshen hunturu, gab da fita farautar sabuwar shekara, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Ana ce masa Agayuyaraq, wato hanyar roƙo, a wasu wurare kuma Kelek, wato gayyata. Waɗanda ake gayyata su ne mutanen dabbobin nan da iskokin da ke taimakon angalkuq. Shi angalkuq in an matsa sai a ce boka, amma kalmar ba ta zauna daidai ba, gara ki bar shi da sunansa ki ce shi ne wanda suka ɗauka yana gani abin da saura ba sa gani, yana magani, yana zuwa neman alfarma wurin masu riƙe da dabbobi. Abin da ya gani a mafarki ko a irin wannan tafiya shi yake kwatanta wa gwanayen sassaƙa su fitar, wani lokaci ya sassaƙa da kansa. A tsara sabuwar waƙa, a ɓoye fuskar har daren. In ta fito, shi ne zai tsaya ya faɗa wa jama'a ko wace ce da abin da ake roƙa da ita: kifi ya hau kogi, sil ta kusanto, iska ta yi daidai.

Sunan fuskar kegginaquq, daga kegginaq, wato fuska. Wasu ƙanana ne ana ɗaura su a goshi, wasu akwai ɗan itace ta ciki da mai rawa ke cizawa ya riƙe, wasu kuwa don girma sai an rataye su da igiya daga rufi mai rawa ya tsaya a bayansu. Sau da yawa biyu-biyu ake yin su. Akwai kuma ta angalkuq shi kansa, nepcetaq, wadda suka ce tana manne wa fuskarsa ba igiya. Ba duka ne na tsoro ko na roƙo ba. Akwai na barkwanci, masu karkataccen baki, da ake yi don a kwaikwayi wani a yi dariya. Ki nuna wa yara ɗaya irin wannan, yana karya tunanin dodo fiye da kowane bayani.

Yanzu ki ɗauki hoto ɗaya, ɗaya tak, babba, ki manna a allo, ki hana kowa magana minti biyu. Sannan tambayarki ta farko ta zama "me kuka gani?" Kada ki fara da "me yake nufi?" Ni nakan zaɓi fuskar iskar arewa, wadda aka rubuta sunanta Negakfok, tana gidan tarihi na Metropolitan a Niyu Yok, daga yankin Kuskokwim ta fito. Doguwar fuska ce, da gashin tsuntsu a sama, da 'yan siraran itatuwa suna reto a ƙasanta. Yara za su lissafa duk wannan, sai ki tambaye su: in mai rawa ya motsa, me waɗannan itatuwan za su yi? Wani zai ce za su yi ƙara. To ga iska ta shigo aji. Daga nan sun gane cewa an yi abin ne don ya motsa a hasken fitila, gashin ya kaɗa, inuwa ta yi tsalle a bango. Tsayuwar da ya yi cak a cikin gilashi ba halinsa ba ne.

Akwai siffofin da za ki riƙa gani suna maimaituwa. Zoben itace ɗaya ko biyu da ke kewaye fuskar ana kiran sa ellanguaq, kwaikwayon duniya, kuma a jikinsa ake soke ƙananan sassaƙe: ƙafar dabba, fiffiken kifi, filafilin kwalekwale, gashin tsuntsu. Wata 'yar fuskar mutum da ke leƙowa daga cikin dabba, a bayanta ko a cikinta ko a bakinta, ita ce yua ɗin nan da kuka yi jiya; ki bar yara su gano ta da kansu, murnar da suke yi ta isa kallo. Hannuwan da suka burge ki, ki duba da kyau: sau da yawa babu babban yatsa, ko kuma akwai huda a tafin. Bayanin da aka fi ji shi ne hannu ne da ba ya damƙewa duka, yana barin dabbobi su zurara, kada a tsare su gaba ɗaya kuma kada a ƙare su. Baki mai murmushi akan danganta shi da namiji da dabbar tudu, wanda ya kifu ƙasa kuma da mace da dabbar teku, don haka ba fushi take ba. Launukan daga ƙasa suke: farar laka, jan ƙasa, baƙin gawayi, da wani shuɗi da ake samu a tsibirin Nelson.

A nan zan ja kunnenki, don nan ne malamai masu ƙwazo suke zamewa. Kada ki zana jadawali a allo, wai ja yana nufin kaza, gashi yana nufin kaza, yara su haddace a yi musu gwaji. Kowace fuska ma'anarta tana cikin labarin wanda ya sa aka yi ta, kuma da yawa cikin waɗanda ke gidajen tarihi an kwaso su ba tare da an rubuta labarin ba. Dattawan Yup'ik da aka nuna wa irin waɗannan sukan ƙi yin shaci-faɗi. Al'adarsu ce mutum ya faɗi abin da ya gani ko ya ji daga manya, ya tsaya nan. In masu abu sun yi wannan kawaici, bai kamata mu da muke nesa mu fi su zaƙewa ba. "An fi cewa" da "a wasu garuruwa" su zauna a bakinki.

Abin da ya fi girgiza yara shi ne jin cewa in an gama biki, yawancin fuskokin ƙona su ake yi, ko a kai su fili nesa da gari a bar su su ruɓe. Aikinsu ya ƙare, baƙo ya tafi. Nan take wata za ta ɗaga hannu: to Malama, ya aka yi muke ganin hotonsu? Wannan tambayar ƙofar tarihi ce, ki shiga. Edward Nelson, ma'aikacin duba yanayi da ya zauna a St. Michael daga 1877 zuwa 1881, ya tara dubban kayayyaki ya aika gidan tarihin Smithsonian a Washinton. Johan Adrian Jacobsen ya bi yankin a 1882 da 1883 yana saya wa gidan tarihin Balin. Wani ɗan kasuwa a Bethel, Adams Hollis Twitchell, ya sayi fuskoki daga wajen Napaskiak a farkon ƙarni na 20 suka ƙare a tarin George Heye a Niyu Yok. A shekarun 1940, masu zane da marubutan Turai da yaƙi ya koro, irin su André Breton da Max Ernst, suka gan su a shagon wani dillali mai suna Julius Carlebach suka ruɗe, suka riƙa saye da 'yan daloli. A 2011 an sayar da ɗaya daga cikin irin waɗannan fiye da dala miliyan 2.5. Abin da aka yi don a ƙona bayan dare ɗaya ke nan. Ki bar 'yan aji biyar su yi muhawara a kai: wanda ya saya ya adana, ya kyauta ko bai kyauta ba? Ba sai kin raba musu gardama ba.

Dalilin da ya sa bikin ya tsaya kuwa ba ɓoyayye ba ne. 'Yan mishan na Moravian sun kafa zango a Bethel a 1885, Katolika suka biyo baya a gaɓar teku, Otodoks na Rasha kuma sun riga su duka. Da yawansu sun yaƙi rawar fuska a matsayin bautar gumaka. Ga kuma annoba: ƙyanda da mura a 1900, sai murar 1918 da 1919, suka share dattawa masu riƙe da waƙoƙi, wasu garuruwan suka watse. Wani abin lura: tushen kalmar nan agayu, ta roƙo da fuska, ita ce yau ake amfani da ita wajen addu'ar Kirista, har coci ake kira agayuvik. Mafi yawan Yup'ik na yau Kiristoci ne.

Kada ki tsaya a nan, in ba haka ba kin binne mutane da ransu. A Janairun 1996 aka buɗe wani baje koli mai suna Agayuliyararput, "hanyarmu ta yin roƙo", kuma ba a babban birni aka fara ba: a ƙauyen Toksook Bay aka sauke tsofaffin fuskokin daga jirgi, jikokin masu su suka fara gani, kafin a wuce da su Bethel da Anchorage da sauran biranen Amurka. Wasu masu bincike biyu, Ann Fienup-Riordan da Marie Meade, sun yi aikin tare da dattawa irin su Paul John. A 1997 wasu dattawan suka je Balin da kansu suka zauna da kayan da Jacobsen ya kwasa. A kusa da ƙauyen Quinhagak kuma, teku na cin gaɓa ya fara tono wani tsohon gari da ake kira Nunalleq. Tun 2009 mutanen garin da Jami'ar Aberdeen ta Sikotlan suke haƙa, kuma daskararriyar ƙasa ta adana fuskokin itace na ɗaruruwan shekaru, har da masu rabi mutum rabi dabba. Kayan suna garin yanzu, a cibiyar da aka buɗe a 2018. Abin da ya fi taɓa ni shi ne a 2013 yaran Quinhagak suka tashi suka yi rawar gargajiya, bayan fiye da shekara 100 ba a yi ta a garin ba. Duk shekara kuma ana bikin rawa na Cama-i a Bethel, bidiyonsa yana intanet. Ki kunna musu minti biyar. In rawa ta yi daɗi 'yan kallo sukan yi ihun "Pamyua!", wato a ƙara, wannan kalma da quyana, na gode, sun isa guzurin ajinki.

Batun iyaye kuwa, fargabarki tana kan hanya, kuma maganinta a riga su magana. Ki rubuta 'yar takarda gida: darasin labarin ƙasa da tarihi ne, za a ga hotuna, ba mai saka komai a fuska, ba mai kwaikwayon wata ibada. Ajiye rawar da na ce ki yi tun farko ya kashe tsuntsu biyu, don abin da zai sosa ran uba a nan shi ne dai abin da zai sosa ran dattijon Yup'ik a can: a mai da roƙon wasu wasan yara. A aji ki riƙe lafazin "a wurinsu" da "kakanninsu sun ɗauka". In yaro ya tambaya ko gaskiya ne sil tana ji, ki ce haka suka yi imani, mu kuma ga abin da muka yi imani da shi, ki wuce. Kada ki bari a yi musu dariya ko a kira su da sunan raini. Wani zai ce ai irin wani dodo ne da ya gani a garinsu ko a talabijin; ki yaba masa da lura, sannan ki tuna masa kama da wane ba ta wane. Hukuncin zana ko sassaƙa surar mai rai fagen malaman fiƙihu ne, ni ba na shiga. Aikin hannun da zan ba ki ya kauce wa wannan gaba ɗaya.

Ga shi. Kowane yaro ya lanƙwasa tsumagiya ko kara ya yi zobe. Tsakiya babu fuska. Ya rubuta sunan abu ɗaya da gidansu ke rayuwa da shi, gero ne, ko akuya, ko keken ɗinki, ko rijiya. A jikin zoben ya rataya duk abin da wannan abu yake buƙata kafin ya iso gare shi: zangarniya, ɗan ƙullin ƙasa, zare, hoton gajimare, sunan wanda ya yi wahalar. Sharaɗi ɗaya ne, kuma daga Yup'ik muka aro shi: ba a rataye aikin kowa sai ya tsaya gaban aji ya ba da labarinsa. A rubutun bango kada ki sa "fuskokin Yup'ik", don ba su ba ne. Ki sa cewa ajinku ya yi nazarin fuskokin Yup'ik, ga abin da ya sa su tunani. Hotunan na ainihi su zauna gefe guda, kowanne da sunan garin da ya fito in an sani, da inda yake yanzu.

Karo na ƙarshe da na bi wannan tsari, muna cikin maganar ruwan da ake ba sil sai wani yaro a layin baya, wanda bai ce uffan ba tun safe, ya ɗaga hannu. Ya ce babansa mahauci ne, kuma ba ya yanka rago sai ya ba shi ruwa, ba ya kuma wasa wuƙa a gabansa. Ajin ya yi tsit. Wata yarinya ta juyo ta tambaye shi ko ragon yana shan ruwan. Ya ce wani yana sha, wani ba ya sha, amma dai ana ba shi.